Filin Tambaya da Amsa: Labaran Marayun Zamanin Da, da Yaran da Ke Karanta Su

Yawancin wasiƙun da suka taru a gabana a wannan fitowa sun karkata ne ga abu guda, wato ƙagaggun labaran da ake jingina su da tarihi, waɗanda jarumansu marayu ne, kuma aka rubuta su domin yara 'yan shekara 9 zuwa 15. Na ɗauki biyar daga ciki, na rage tsawonsu ba tare da na taɓa ma'anarsu ba, na kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda aka saba a wannan fili.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da yarinya 'yar shekara 11 wadda ba ta da abin so kamar karatu, amma duk littafin da na gani a hannunta sai in tarar labarin maraya ne a wani zamani da ya shuɗe. Rannan cikin dare na iske ta tana kuka, littafin yana buɗe a kan cinyarta. Shin in raba ta da irin waɗannan littattafai? Kuma me ya sa marubuta ba sa iya ba yara labari sai sun kashe iyayen jarumin? Daga wata uwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya, Allah Ya raya mana ita. Ban ga dalilin karɓe mata littafin ba tukuna, kuma zan fara da tambayarki ta biyu, domin amsarta ce za ta kwantar miki da hankali a kan ta farko.

Marubucin da ke son yaro ya zama jigon labarinsa yana cin karo da matsala tun daga shafin farko, domin muddin uwa da uba suna raye, su ne masu yanke shawara, su ne masu shiga gaba idan masifa ta taso, yaron kuwa sai dai ya laɓe a bayansu. Da zarar an janye su, komai ya dawo wuyan yaron: inda zai kwana, wanda zai amince wa, ko ya faɗi gaskiya ko ya haɗiye ta. Dabarar ta girmi littafi nesa ba kusa ba, tunda tatsuniyoyin al'ummomi da dama cike suke da marainiyar da ke shan wuya a hannun kishiyar uwa. Yarinyar da ke karatu a ɗakinta, iyayenta suna nan lafiya lau a ɗaya ɗakin, tana auna zuciyarta ne da abin da ta fi tsoro a duniya, alhali tana da ikon rufe littafin a duk lokacin da abin ya yi mata yawa.

Akwai kuma dalili na biyu, wanda ya shafi tarihi kansa, kuma shi ne ya fi ɗaukar hankalina a matsayina na malami. 'Ya'yan talakawan ƙarnonin baya ba su bar rubutu ba, ba a kuma damu da rubuta labarinsu ba, sai fa waɗanda suka faɗa hannun hukuma ko gidan marayu, saboda a can ne ake ajiye rajista. Marubucin da ke neman yaron da zai iya bin sawunsa a takarda, sau da yawa maraya zai samu. Ki ɗauki gidan renon jarirai na Landan mai suna Foundling Hospital, wanda Thomas Coram, wani tsohon matuƙin jirgin ruwa, ya shafe kimanin shekara 17 yana fafutukar kafawa kafin ya sami izinin sarki a 1739, aka kuma fara karɓar jarirai a 1741. Masu kawo 'ya'ya sun fi ƙarfin gurbin da ake da shi, har ta kai aka koma ga ƙuri'a: uwa ta sa hannu a jaka ta zaro ɗan ƙwallo, idan fari ne a karɓi jaririnta bayan an duba lafiyarsa, idan ja ne ta jira ko za a sami gurbi, idan baƙi ne ta koma da abinta. Wadda aka karɓi nata takan bar wata 'yar alama, ƙyallen da ta yanko daga rigarta, ko maɓalli, ko tsabar kuɗin da aka huda, domin idan Allah Ya hore mata wata rana ta dawo a gane ɗanta, tunda ana sauya wa yaron suna da zarar ya shiga. Mafi yawansu ba su dawo ba, kuma alamomin suna nan ajiye a gidan tarihi har yau. Duk marubucin da ya tsaya a gaban rabin ƙyallen da ya shekara fiye da 250 yana jiran ɗaya rabin, da wuya ya fita bai ɗauko labari ba.

Saboda haka kukan da kika gani, a karan kansa, ba ya nuna wata illa; yana nuna cewa yarinyar ta ɗauki wanda take karantawa a matsayin mutum. Abin da nake ba ki shawara shi ne ki zauna kusa da ita da rana, ba a tsakiyar kukan ba, ki ce ta ba ki labarin, sa'an nan ki tambaye ta wanda ya fi ba ta tausayi da abin da take ganin ya kamata manyan da ke cikin labarin su yi. Amsarta za ta nuna miki inda hankalinta yake. Idan kuwa kika ga abin ya wuce tausayin jarumi ya koma fargaba a kanku, tana yawan tambayar ko za ki mutu, ko barci ya ƙaurace mata kwana da kwanaki, to ki ajiye mata littafin zuwa baɗi, ki kuma gaya mata dalili a fili, domin littafin da aka ɓoye ba tare da bayani ba ya fi wanda aka karanta tsoratarwa.

Tambaya: Malam, ni ma malami ne, ina koyar da tarihi a ƙaramar sakandare. Ina sha'awar amfani da irin waɗannan labarai a aji, amma ina tsoron ɗalibai su cakuɗa ƙage da gaskiya, har su rubuta mini sunan jarumin littafi a jarrabawa kamar mutum ne da ya taɓa rayuwa. Yaya kake yi? Daga wani abokin aiki.

Amsa: Malam, tsoronka yana kan hanya, kuma za su cakuɗa ɗin, babu makawa, sai dai idan ka mai da rarrabewar ta zama ita ce darasin. Abin da nake yi ba shi da wuya. Kafin mu buɗe littafin nakan raba allo gida uku, in rubuta a saman na farko "ya faru", a na biyu "yana iya faruwa", a na uku "marubuci ne ya ƙaga". Duk babin da muka gama, ɗalibai ne za su tashi su sa abubuwan da suka karanta a gidan da ya dace, kuma duk wanda ya sa abu a gidan farko sai ya kawo hujja daga wajen littafin. Gidan tsakiya shi ne inda gardama take kaurewa, kuma a nan ne na ga yara suna fara tunani irin na masu nazarin tarihi, domin sai sun san zamanin da kyau kafin su iya cewa kaza yana iya faruwa a cikinsa.

Bari in ba ka misali da abin da aka fi rubuta wa yara labari a kansa a Amurka, wato jiragen ƙasa na marayu. A 1853 wani malamin coci mai suna Charles Loring Brace ya kafa ƙungiyar Children's Aid Society a birnin Niyok, inda dubban yara ke kwana a titi, kuma tun daga 1854 aka fara ɗora su a jirgin ƙasa ana kai su garuruwan manoma da ke can cikin ƙasar. An ci gaba da haka har 1929, kuma ƙiyasin da aka fi ambata shi ne yara 200,000 zuwa 250,000. Akan aika sanarwa gari kafin jirgin ya iso, sa'an nan a jera yaran a kan dandamali a coci ko zauren taro, mutane su zo su zaɓa. Wasu sukan lallatsa damatsan yaro su duba haƙoransa kamar masu cinikin dabba, kuma an sha raba wa da ƙani saboda mai ɗauka ɗaya kawai yake so. Wasu yaran sun dace da gidajen da suka riƙe su kamar 'ya'yan cikinsu, wasu kuwa hannun aiki ne kawai aka samu a banza. Duk wannan gidan farko ne. Yarinyar da marubuci ya ba suna, ya sa ta ɓoye hoton uwarta a cikin takalmi, gida na uku ce. Ko za ta iya rubuta wa ƙaninta wasiƙa ta same shi bayan shekara goma, wannan sai aji ya yi shari'a.

Akwai ranar da ba na mantawa da ita. Muna cikin wannan aiki sai wata ɗaliba da ba ta cika magana ba ta ɗaga hannu daga bayan aji, ta ce, "Malam, ai a babi na biyu babanta yana da rai, to me ya sa ake ce mata marainiya?" Na ajiye allin da ke hannuna, domin ta taɓo abin da manya da yawa ba su lura da shi ba. Kaso mai yawa na yaran da aka ɗora a waɗancan jirage suna da uwa ko uba a raye. Talauci ne, ko ciwo, ko ɗauri, ya raba su. Haka abin yake ga yara fiye da 100,000 da aka kwasa daga Birtaniya zuwa Kanada tsakanin 1869 da shekarun 1930. Waɗanda aka kai Ostiraliya bayan yaƙin duniya na biyu kuwa, an gaya wa wasunsu cewa iyayensu sun mutu alhali suna raye, kuma sai a ƙarshen shekarun 1980 wata ma'aikaciyar jin daɗin jama'a daga Nottingham, Margaret Humphreys, ta tono lamarin, ta shiga haɗa tsofaffi da danginsu. Firaministan Ostiraliya Kevin Rudd ya nemi gafararsu a watan Nuwamba na 2009, takwaransa na Birtaniya Gordon Brown ya bi sahu a watan Fabrairu na 2010. Littafin da ya nuna wa yaro cewa kalmar "maraya" wani lokaci manya ne ke liƙa ta domin ta sauƙaƙa musu abin da suke son yi, ya koyar da tarihin da ya fi jerin shekaru amfani. Ni ma'aunina ke nan: idan ɗalibi ya rufe littafi yana cewa "Allah sarki" kawai, an ci rabin riba, idan ya rufe yana tambayar wane ne ya yanke wannan hukunci, kuma me ya sa mutanen kirki na lokacin suka ga daidai ne, to littafin ya biya kuɗinsa.

Abin da ya kamata ka fi sa wa ido ba kuskuren shekara ba ne, domin wannan ana gyara shi da jan biro. Ka kula da jarumin da aka sa wa tufafin ƙarni na 19 amma aka bar masa kan yaron yau, yana yi wa manya lacca a kan haƙƙin yara da kalmomin da ba a san su ba sai bayan da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar haƙƙin yara a 1989. Irin wannan littafi yana koya wa ɗalibi cewa mutanen da duk mugaye ne ko wawaye, mu ne masu hankali, kuma babu darasin da ya fi wannan ɓata nazarin tarihi. Brace da ire-irensa sun yi imani cewa ceto suke yi, kuma a wasu lokuta ceton suka yi.

Idan kana son abin da zai hana aji zama shiru, ka ba su labarin yara 22 da suka tashi daga tashar A Coruña ta Sifaniya a ranar 30 ga Nuwamba, 1803, a jirgin ruwa mai suna María Pita, ƙarƙashin likita Francisco Javier de Balmis. Ana son kai rigakafin cutar agana zuwa nahiyar Amurka, ba a kuma da hanyar adana shi a tsawon tafiyar teku, sai aka ɗauki yaran gidan marayu 'yan shekara 3 zuwa 9, ana yi musu lamba biyu-biyu, idan ƙurjin ya nuna a ɗebi ruwansa a yi wa biyu na gaba, har aka tsallake teku da rigakafin a jikinsu. Isabel Zendal, shugabar gidan marayun, ita ta raka su tana kula da su. An ceci rayuka masu ɗimbin yawa da wannan tafiya, kuma babu wanda ya nemi yardar yaran. Ka tambayi ɗalibanka ko jarumai ne ko kuwa amfani aka yi da su, ka ga yadda ƙararrawar tashi za ta kaɗa ba wanda ya motsa.

Tambaya: Malam, a ajina akwai yara uku da suka rasa mahaifi, ɗaya kuma ta rasa duka biyun bara. Ina jin nauyin karanta irin wannan labari a gabansu. In haƙura da shi gaba ɗaya? Daga wata malamar firamare.

Amsa: Malama, nauyin da kike ji shi ne abin da ni ban ji ba a farkon koyarwata, kuma na yi nadama. A shekarata ta biyu da fara aiki, ina karanta wa aji wani babi inda jarumin ke tsaye a bakin kabarin mahaifinsa, sai na ɗaga kai, da nufin in nuna kulawa, na ce ai ɗan'uwanmu wane ya san wannan ciwo. Kawuna arba'in suka juya gare shi a lokaci guda. Yaron ya kifa kansa a kan benci, bai ɗago ba har aka tashi, kuma kwana biyu ban gan shi a makaranta ba. Da ya dawo bai ce mini komai ba, ni ma kunya ta hana ni ce masa komai, kuma wannan shirun shi ne kuskurena na biyu. Littafin ba shi da laifi a cikin wannan. Ni ne na mai da yaron abin nuni.

Don haka ban ce ki haƙura ba. Yaron da ya rasa uba ya riga ya san abin da littafin zai faɗa, kuma wasu daga cikinsu suna samun sauƙi idan suka ga an rubuta abin da suke ji ba tare da an tilasta musu su furta shi da bakinsu ba. Amma ki kira kowannensu shi kaɗai kafin ranar, ki gaya masa abin da labarin ya ƙunsa, ki ba shi zaɓi: ya zauna, ko ya ɗauki wani aiki a ɗakin karatu ba tare da kowa ya san dalili ba. Ita wadda rashinta bai wuce shekara ba, ki tuntuɓi mai riƙonta tukuna, domin shi ya san abin da take iya ɗauka a yanzu. A cikin aji kada ki kalle su a wuraren da labarin ya yi zafi, kada ki nemi su tabbatar ko haka abin yake, kuma ki guji aikin gida irin na "rubuta abin da za ka ji da a ce kai ne", domin ga wasu babu "da a ce" a cikin maganar.

Akwai kuma wata magana da nake roƙon ki kiyaye, ko da yake na san tana zuwa baki da sauƙi, wato "babu maraya sai rago". Karin magana ne mai kyau idan maraya ne ya faɗa wa kansa domin ya ƙarfafa zuciyarsa. Idan kuwa mai uwa da uba ne ya faɗa masa, ko littafi ne ya gina labarinsa kacokan a kanta, to tana iya zama dutse a kan wanda ya riga ya durƙusa. Masu ba da labarin jiragen marayu suna son ambaton Andrew Burke da John Brady, yara biyu da suka hau jirgi ɗaya a 1859, daga baya ɗaya ya zama gwamnan Dakota ta Arewa, ɗaya kuma gwamnan Alaska. Gaskiya ne, kuma abin sha'awa ne. Amma tsakanin 1756 da 1760, lokacin da majalisar Birtaniya ta sa gidan renon Landan ya karɓi duk jaririn da aka kawo, an karɓi kusan 15,000, kuma wajen kashi biyu bisa uku sun mutu tun suna ƙanana. Waɗannan ba ragwanci ne ya kashe su ba. Yarinyar da ke ajinki, wadda ƙila a bana ba ta iya komai face ta zo ta zauna, bai kamata ta fita da tunanin cewa maraicinta laifinta ne tunda ba ta zama jaruma ba.

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce, shekarata 14. Abin da ke ba ni haushi shi ne, duk wahalar da maraya ya sha, a ƙarshe sai a gano cewa ashe ɗan masu kuɗi ne, ko wani kawu ya bar masa gado. Wannan ba yaudara ba ce? Ko dole ne labarin yara ya ƙare da daɗi?

Amsa: 'Yata, Allah Ya ƙara basira, kin gano abin da ni sai da na girma na gano. Irin wannan ƙarshe tsohuwar al'ada ce a rubutu, kuma ba sauƙinsa kaɗai ne aibinsa ba. Idan aka ce yaron ya tsira ne domin ashe jininsa na manya ne, to an faɗa a kaikaice cewa sauran yaran da ya bari a gidan marayun, waɗanda ba su da kawu mai dukiya, can ne wurinsu. Ki lura da kyau, a irin waɗannan littattafai ba a cika komawa a tambayi abin da ya sami abokan kwanansa ba.

Sai dai kada ki yi tsalle ki faɗa ɗaya ramin, ki ɗauka cewa labari ba ya zama gaskiya sai kowa ya mutu. Tarihi yana da ƙarshe iri-iri, kuma mafi yawansu gauraye suke. Tsakanin ƙarshen 1938 da ɓarkewar yaƙin duniya na biyu a watan Satumba na 1939, an kwashe yara kimanin 10,000, galibinsu Yahudawa, daga Jamus da ƙasashen da ke maƙwabtaka da ita zuwa Birtaniya, ba tare da iyayensu ba, domin a tserar da su daga zaluncin gwamnatin Hitler. Wani ɗan Birtaniya mai suna Nicholas Winton da abokan aikinsa sun fitar da 669 daga birnin Prague, amma jirgin ƙasa na ƙarshe, wanda zai ɗauki kimanin yara 250, bai tashi ba saboda yaƙi ya riga shi. Waɗanda suka isa sun tsira da rayukansu, sun yi karatu, sun hayayyafa, kuma da yawansu ba su sake ganin iyayensu ba. Ki gaya mini, wannan ƙarshe mai daɗi ne ko mai ɗaci? Marubucin kirki yakan bar miki duka biyun a hannu.

Akwai ma labarin da babu yadda za a yi a sassauta ƙarshensa. Janusz Korczak likitan yara ne a birnin Warsaw na ƙasar Poland, wanda ya jagoranci wani gidan marayu tun daga 1912, tare da Stefania Wilczyńska, inda yaran ke da majalisarsu da jaridarsu da kotunsu, kotun da ke da ikon gurfanar da shi kansa. A watan Agusta na 1942 sojojin Jamus suka kwashe yaran, kimanin 200, zuwa sansanin kisa na Treblinka, shi da Stefania suka tafi tare da su, babu wanda ya dawo. Marubucin da zai ba yara wannan labari ba shi da izinin ƙago musu hanyar tsira, domin yin haka cin amanar matattu ne. Abin da yake da izini a kai shi ne zaɓen inda zai tsaya da abin da zai haska, kuma shekaru talatin na gidan da ake sauraron yaro idan ya yi ƙara ba su zama banza ba saboda yadda aka ƙare. Ke a shekarunki kina iya ɗaukar labarin har ƙarshensa. Ƙaninki ɗan shekara 8, idan kina da shi, ki ba shi labarin kotun yaran, sauran ya jira shi.

Tambaya: Malam, ni ba mai yawan karatu ba ne, amma ina son in saya wa 'ya'yana irin waɗannan littattafai. Ta yaya zan gane mai kyau a cikin minti biyar? Daga wani uba.

Amsa: Alhaji, ka fara daga baya. Marubucin da ya yi bincike yakan bar shafi biyu ko uku a ƙarshen littafi yana bayyana abin da ya samo daga tarihi da abin da ya ƙara da kansa, kuma idan babu wannan bayani, ni nakan mayar da littafin inda na ɗauko shi. Daga nan ka karanta babin ƙarshe, domin ka san inda za a kai ɗanka kafin ka sa shi a hanya. Sa'an nan ka buɗe tsakiya ka karanta shafi guda: idan maraya yana da wani abu nasa ban da hawaye, yana da wayo, ko rowa, ko abin dariya, ko abin da ya ƙware a kai, to mutum aka rubuta, ka saya. Shekarun da ake bugawa a bangon littafi kuwa kimantawa ce kawai ta masu ɗab'i, kai ka fi su sanin wanda ke firgita da wuri a cikin 'ya'yanka, don haka babban ya fara karantawa, ka tambaye shi ko ya ga ƙaramin zai iya.